Sandunan haɗa ɗakin bargo na yara: namu sai rushewa yake, ku taimaka

Maman Hanif: Assalamu alaikum iyayen gida, dan Allah tambaya gare ni kar ku min dariya. Ƙanwar Abban Hanif ce ta zo daga Abuja ta kawo wa yara tsarabar wani kwali, ciki sanduna ne na roba kusan tsawon kamu ɗaya da wasu ƙwallaye masu huji ta ko'ina, wai ana soka sandunan a cikin ƙwallayen a haɗa kamar ƙashin ɗaki sai a rufa bargo a kai yara su shige ciki su yi wasa. A jikin kwalin ga hoton yaran Turawa nan suna ta dariya a cikin wani abu kamar fada. To mu tun jiya bayan la'asar muke abu ɗaya, da mun haɗa mun ɗora bargon sai ya durƙushe kamar raƙumi, Hanif ya yi kuka ƙanwarsa ta yi kuka ni ma saura kaɗan. Akwai wadda ta taɓa amfani da shi?

Maman ƴan biyu: Wa alaikumussalam. Hhhh raƙumi 😂 wane irin bargo kika ɗora masa tukunna?

Maman Hanif: Irin mai laushin nan mai hoton damisa, na kayan ɗakina

Maman ƴan biyu: Innalillahi, ai dole! Wannan bargon ko ni aka ɗora min shi sai na durƙusa, in an wanke shi mutum biyu ke matse shi fa

Ummu Sadiq: Maman Hanif muna da irinsa a nan, shekara biyu kenan muna fama da shi. Namu Crazy Forts ne, ƙwallo 25 sanda 44, amma duk kusan tsari ɗaya ne ko wane kamfani ya yi. Sunan ne kawai ɗakin bargo, ba bargo ake sa masa ba, zanen gado mara nauyi ake rufawa ko tsohon labule ko mayafi. Na biyu ki duba ko sandunan sun shige har ƙarshe, yara ba su da ƙarfin turawa, sai ki riƙe ƙwallon ki ɗan murza sandar kina dannawa har ki ji ta tsaya. Mu ma ranar farko haka muka yi ta yi har baban Sadiq ya ce a mayar musu da kayansu, ashe laifinmu ne.

Maman Hanif: Allah sarki na gode. Wlh ban murza ba, sokawa kawai nake

Hajiya Yaya: Ikon Allah. Yanzu har bukkar wasan yara sai an sayo ta a kwali? Mu da muka taso da kaka in an yanke dawa karan nan zube yake ko'ina, mu kwaso mu kafa mu ɗaure da rama mu rufa tsohon buhu ko zanen da aka daina ɗaurawa, a ciki muke tuwon ƙasa a gwangwani muna aurar da ƴar tsana har da kai amarya da guɗa. Maza kuma su fere karan su yi mota da totuwar su yi tabarau. Ba wanda ya koya mana, ba takarda ba hoto. Yanzu uwa da ɗa sun zauna suna kuka a kan roba, Allah ya kyauta.

Amaryar bana: Hajiya kin tuna min gidan kakata 😭 mu da kujerun tsakar gida muke yi da tabarma

Maman Hanif: Hajiya Yaya gaskiyarki amma ina zan samu kara a nan? Bene muke hawa na biyu, tsakar gidan ma duk intalok ne da motocin makwabta, ko ƙasar da yaro zai taɓa babu sai ta cikin tukunyar fulawa

Hajiya Yaya: To ai shi ne nake faɗa ƴata, mun gina gidajen da yara ba su da wajen wasa sannan mu dawo muna sayen wasan da kuɗi. Ba ke nake wa faɗa ba, zamanin nake wa.

Anti Malama: Bari in sa baki kasancewar aikina kenan, ajin reno nake koyarwa shekara da shekaru. Maman Hanif bayan nauyin bargo akwai abu na biyu, ina kyautata zaton murabba'i kuke ta haɗawa, wato kusurwa huɗu kan kusurwa huɗu kamar akwati. Shi murabba'i ba ya tsayuwa, da an ɗan tura shi ta gefe sai ya karkace ya kwanta. Alwatika kuwa mai kusurwa uku ba ta da inda za ta karkace sai dai sanda ta karye ko ta zare. Ki gwada wa Hanif da hannunsa, ki haɗa sanda huɗu ki ce ya matsa, ki haɗa uku ki ce ya matsa, zai gani da idonsa ba sai kin yi dogon bayani ba. Shi ya sa in kika ɗaga kai kika kalli katakon rufin kwano kafin a sa silin duk alwatika ce, haka ƙarfen da ake ɗora tankin ruwa a kai duk an gicciya masa. Saboda haka rufin ku yi shi mai tsini kamar jinka, kar ku yi shi shimfiɗe, zanen ma sai ya zubo ta gefe maimakon ya taru a tsakiya ya yi ciki ya ja komai ƙasa.

Maman ƴan biyu: Yau ga lissafi a gurup ɗin girki 😂 Malama a sa mana maki

Anti Malama: Ke dai ki zo aji gobe da bulalarki 😄 kuma Hajiya abin da kuke yi da kara shi ne wannan ɗin, in an jingina kara uku an ɗaure kansu ai alwatika aka yi, ba a dai faɗa muku sunanta ba ne

Hajiya Yaya: To ashe mu ma injiniyoyi ne ba mu sani ba

Sista: Ni kuma ta inda aikina ya shafa zan shigo. Maman Hanif ba kina da mai rarrafe ba? Ki duba jikin kwalin, yawancin irin waɗannan an rubuta daga shekara 5 ne, wasu 4, kuma kusan duk akwai gargaɗin kar a bar wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ƙwallayen manya ne ba za su shige baki ba amma in ɗaya ya fashe ɓallinsa fa? Akwai dabarar da ake koya wa iyaye, duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu na banɗaki to kar ya zauna inda ɗan ƙasa da shekara 3 yake. Sai sandunan, ba rushewar nake tsoro ba, abin ba nauyi, takobi nake tsoro. Yaro namiji in ya riƙe sanda minti biyu ya zama mayaƙi, idon ƙanwarsa kuma yana daidai tsayin hannunsa. Da gudu da sanda a baki, wannan mun sha ganin irinsa da fensir da tsinken tsire, ganda ake hudawa.

Maman Hanif: Wayyo Sista kamar kina gidan, jiya sai da na ƙwace guda biyu wai shi Barde ne. Ƙaramin wata goma sha ɗaya, sai ya yi barci muke fito da kayan

Sista: Yauwa haka ya dace. In ya tashi kuma a ƙirga a mayar kwali, a leƙa ƙarƙashin kujera

Maman Walid: Ni fa tsaya, kafin kowa ta ruga sayen wannan abin. Na ga irinsa a wani shago na tambayi kuɗin sai da na ce a maimaita min. Na nuna wa Abban Walid hoton, kun san aikin famfo yake, ya yi dariya ya ce ai wannan fayif ne kawai aka yi wa kwalliya. Ya je Ƙofar Ruwa ya sayo fayif ɗin roba siriri irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki da su elbo da ti, wato mahaɗan fayif na kwana da mai siffar T, ya yayyanka da zarto rabin mita rabin mita wasu mita ɗaya, ya goge bakin da sanfefa dan kar ya yanki yara. Ba a sa gam, haka ake sokawa a zare. Yau wata bakwai kenan ko ɗaya bai karye ba kuma ya fi na kanti tsayi, ni kaina ina shiga in zauna.

Amaryar bana: Maman Walid a tura mana hoto dan Allah

Maman Walid: Bari a kawo wuta wayar saura kaɗan ta mutu. Amma ga abin da ya ce in faɗa muku, matsalar kawai wajen kusurwa ce, mahaɗi mai baki uku na lungu yana wuyar samu a nan, sai ya yi dabara ya sa ti da elbo kusa da juna da ɗan guntun fayif a tsakani. Kuma ya ce kar wadda ta ce za ta lanƙwasa fayif da wutar risho a cikin ɗaki, hayaƙinsa ba kyau.

Ummu Sadiq: Dabara ce mai kyau gsky amma akwai bambanci kaɗan. Ƙwallon nan hujinsa ta fuska da yawa yake, yaro zai iya soka sanda a karkace ya yi rufi mai tsini ko mai zagaye ko dogon rami da ake rarrafawa a ciki. Elbo da ti kuwa miƙe ko kwana kawai suka sani, akwati za ki yi ta samu, kuma akwatin ne Malama ta ce yana kwanciya.

Maman Walid: Namu dai bai taɓa kwanciya ba, fayif ya fi wannan tsinken kauri nesa ba kusa ba. Ku da kuke Ingila komai sai na kwali, mu nan da abin da ke gabanmu muke rayuwa

Ummu Sadiq: Haba Maman Walid me ya kawo Ingila a ciki kuma? Ni ba talla nake musu ba. Kin san yadda hunturu yake a nan? A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga ruwa ga sanyi, yaro ya dawo makaranta ba inda za shi, ba tsakar gida ba makwabcin da za ki ce je ka gidan su wane. In ban samo musu abin yi ba waya ce da talabijin har dare. Da da wanda zai yanka min fayif a nan a kuɗin da ba zai fi na kwalin ba da na yi. Mai aikin famfo a nan in ya taka ƙofarki kawai sai kin biya.

Maman Walid: To ki yi haƙuri ba da wata manufa na faɗa ba, wasa nake

Admin: Dan Allah a ci gaba da raha, duk ɗaki muke ginawa ba katanga ba 😄 kuma masu turo tallan turare a tsakiyar magana na goge, ranar Asabar ce ranar talla

Maman ƴan biyu: Ummu Sadiq wai su Turawan me suke ce masa?

Ummu Sadiq: Fort suke ce masa, sunan yana nufin kamar sansanin yaƙi ko ganuwa, wajen da ake ɓuya a kare kai. Tun kafin a fara sayar da sandunan da matasan kujera da kujerun cin abinci suke yi, su ma iyayensu haka suke cewa a zamaninmu ba a saye, irin maganar Hajiya sak

Hajiya Yaya: Ashe su ma suna da tsofaffi masu hankali

Ƴar Sakkwato: Ni dai ku gaya min, wane wata ne ake shiga ɗakin bargon nan? Mu nan in bazara ta yi zafi shina wuce 40, ga ba wuta, ɗiyana ko riga ba su so a jiki balle in lulluɓe su cikin tanti. Sai dai in gasa su nike son yi

Sista: Wannan magana ce babba ba wasa ba. Watan Maris zuwa Mayu in za a yi to da sassafe ko da yamma, kuma a bar gefe biyu a buɗe iska tana ratsawa, a sa yadi shara-shara. Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya cewa yana jin zafi sai dai ki ga ya yi laushi, a ajiye musu ruwa a ciki. Leda ko tamfol kuwa ko da wasa kar a rufa. Lokacinsa na gaskiya yanzu ne da sanyi, Disamba da Janairu, ga hazo ga ƙura dama ba a son su yi ta yawo a waje musamman masu asma.

Maman ƴan biyu: Mu da zafi tsohon gidan sauro muke rufawa, iska na shiga kuma ina hango su daga kicin

Sista: Yana yi, amma tsoho wanda aka sha wankewa, kuma ba wanda ake kwana a ciki ba kar su yaga shi sauro ya samu ƙofa. Sabo mai magani dama sai an shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, kuma ba abin da za a bar yaro yana tauna ba ne. A lura da igiyoyin jikinsa ma kar su naɗe wuya.

Maman Nana Damagaram: Sannunku ƴan uwa, tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Ni a Agadas na yi ƙuruciyata kafin a maida babanmu Damagaram, kuma abin da kuke ta lissafi a kai matan Buzaye sun gama shi tuntuni. Tantinsu itace ne ake kafawa a lanƙwasa a ɗaure a rufa tabarmi, wasu kuma fata suke rufawa, kuma mata ke kafa shi su ke kwance shi in za a tashi a ɗora wa raƙumi ko jaki. Tantin ma na matar ne, da shi take zuwa gidan aure, in aure ya mutu ta naɗe abinta ta bar shi a fili. Ƴan matansu tun suna ƙanana suke yin ƙaramin irinsa da tsinke suna wasa. Da na ga hoton kwalin nan sai na ce to ga tantin Buzaye an sa a leda.

Amaryar bana: Ta naɗe abinta ta bar shi a fili 😭😭 ina ma a kawo wannan tsarin nan

Admin: Amarya ko wata shida ba ki yi ba, ki kiyaye mu

Hajiya Yaya: Haka matan Fulani ma a ruga su ke yin bukka. To kun gani, gini na mata ne tun asali

Maman Ilham: Ni nawa ƙorafin daban ne. Wane gida ne za a bar wannan abin a tsakiyar falo? Mu falo ɗaya ne, nan baƙin maigida ke zama nan ake cin abinci. Na taɓa barinsu suka yi da kujeru da zannuwa, sallama kawai muka ji abokansa su uku, ya shigo ya ga falo kamar sansanin gudun hijira, bai ce komai ba a gabansu amma da suka tafi na ji jiki da faɗa. Tun daga nan na hana. Kuma wa zai naɗe zannuwan? Ni ce dai.

Maman ƴan biyu: Wannan kam gaskiya ne, ginawa minti talatin kwashewa kuma rigima. Ni doka na sa, wanda ya gina shi zai rushe kafin a kira magariba, in ba su kwashe ba gobe babu. Kwana biyu suka gwada ni suka ga da gaske nake

Anti Malama: Maman Ilham ki gwada tsakanin gado da bango a ɗakinsu, ko ƙarƙashin teburin cin abinci in akwai, ba sai falo ba. Amma ina roƙonki kar ki hana gaba ɗaya. Kin san me nake gani a aji? Yaran da ko minti biyar ba sa iya zama a kan abu ɗaya, amma in aka ba su kwali babba da zani sai su yi rabin awa suna shawara wa zai riƙe nan wa zai ja can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan suke koyonsa ba a allo ba. Sannan yaro yana son wajen da shi ke da iko, gidan duk na manya ne, kar ka taɓa kar ka hau sauka daga nan, to ga ɗan lungu da shi ne maigida har sai kin yi sallama kafin ki leƙa. Akwai wata yarinya da na koyar mai shiru sosai ba ta magana a aji, a cikin irin wannan ɗakin na fara jin muryarta tana yi wa ƴar tsana faɗa da irin muryar babarta.

Maman Ilham: Hmm to zan gwada na bayan gado. Amma in Abbansu ya yi magana ke zan turo masa

Anti Malama: Turo shi, iyaye maza nawa na gani 😄

Ummu Abdallah: Ni ina da ɗan tsokaci kuma Allah ya sa a fahimce ni. Wasa halal ne, Nana Aisha Allah ya ƙara mata yarda tana da kayan wasanta har da doki mai fukafukai kuma Annabi SAW ya gani ya yi dariya bai hana ba. Amma abin da yake rufaffe ne ido ba ya gani, a kula da su wa ke shiga. Ƙanana ƴan shekara huɗu biyar ba komai, amma a haɗa da ƴaƴan makwabta da manyan yara maza da mata a rufe a bar su awa guda uwa tana ɗaki tana waya, wannan ban yarda da shi ba. An ce a raba musu makwanci in sun kai goma, akwai hikima a ciki. Zamanin nan sai addu'a.

Sista: Ban ƙi ta taki ba ko kaɗan. Shi ya sa na fi son gefe ɗaya a buɗe yana kallon inda uwa take, ya yi maganin zafi ya yi maganin wannan

Maman ƴan biyu: Gidan sauro dai ya ci gasar kenan

Hajiya Yaya: Tunda an zo maganar tsaro bari in faɗi wadda ta fi damuna, wuta. Yara in sun shiga wajen duhu fitila suke nema. Kar a ba su kyandir, kar a kai maganin sauro na kunnawa kusa, kuma ku masu turaren wuta ku ɗauke kasko daga ɗakin gaba ɗaya. Yadin roban nan na yanzu kamawa yake kamar fetur kuma ya narke ya manne a fata. Mu da muka ga shekarar gobarar Mina ta 1997 ba ma wasa da tanti da wuta, mutum sama da 300 suka rasu, bayan nan ne aka sauya tantunan aka kafa waɗanda wuta ba ta ci. Tocila mai caji ta ishe su.

Maman Hanif: Allah ya jiƙansu. In sha Allah Hajiya, dama ƴar fitilar sola nake ba su

Sista: Kuma tocilar a duba ba mai ƙaramin batiri kamar maɓalli ba ce da murfinta ke buɗewa da sauƙi, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awanni, asibiti ake rugawa ba jira

Maman Walid: An kawo wuta ga hoton namu. Ku yi haƙuri da zanen, tsohon na gadona ne. Wancan ramin da kuke gani a gefe taga ce, Walid ne ya ɗauki almakashi ya fasa wai ɗaki ba taga ba ɗaki ba ne. Allah ya taimake ni ba sabon ya samu ba

Maman ƴan biyu: Ke kin ji daɗi. Ni atamfar da na ajiye ta bikin ƙanwata ko ɗinki ba a kai ba suka jawo daga sif suka maƙale ta da abin shanya, ɗaya kuma ya zauna a kan gefenta da kofin koko. Na fito wanka na ga ɗaki mai kyau wlh har na yaba kafin na gane zanen 😭

Amaryar bana: 😂😂😂 har kin yaba

Maman ƴan biyu: Na ce kai amma wannan gini ya yi kyau, sai na matso na ga tambarin kamfani bai ma ɓare ba. Washegari na tafi Ƙofar Wambai na sayo musu zannuwan gado na gwanjo guda uku na wanke na ce ga naku, duk wanda ya ƙara buɗe min sif sai na sayar da shi na sayi wata atamfar

Ummu Sadiq: Abin shanyar nan kuwa shi ne sirrin, Maman Hanif ki samo kamar guda ashirin ki riƙa maƙale zanen a jikin sandunan, in ba haka ba da yaro ya shiga ya ja sai ya zame. Kuma a kan kafet ko tabarma ya fi zama, a tayil santsi yake ƙafafun suna buɗewa

Maman Hanif: Tayil ne kuwa! Kai jama'a ashe komai ma ba daidai muka yi ba. Bari ƙaramin ya yi barcin rana mu sake gwadawa

Maman Nana Damagaram: Muna jiran labari

Maman Hanif: Jama'a na dawo. Ya tsaya!! Na shimfiɗa darduma babba, na murza sandunan kamar yadda Ummu Sadiq ta ce har tafin hannuna ya yi ja, muka yi ƙasan kusurwa huɗu rufin mai tsini muka rufa tsohon labulen falo. Na yi wa Hanif gwajin Malama na uku da huɗu, ya matsa ya matsa ya ce Mami wannan mai ukun taurin kai gare shi. Amma ku ji abin haushi, ina gamawa ina ɗaukar hoto in turo muku ya ce shi ba irin wannan yake so ba wai wannan nawa ne ba nasa ba, ya zare rabi ya sake haɗa wani abu a karkace ba kai ba gindi, gefe ɗaya a jingine da kujera, wai garejin Keke Napep ne. Suna ciki yanzu shi da ƙanwarsa da farantin ƙuli-ƙuli, ta sa duk takalman gidan a layi a bakin ƙofa wai fasinjoji.

Anti Malama: To ki bar masa garejinsa kar ki gyara ko sanda ɗaya. Hoton kwalin ma ki juya shi bango

Maman Hanif: Hannuna har ƙaiƙayi yake in miƙe masa gefen nan wlh

Hajiya Yaya: Ki zauna a kan hannun naki. In an yi kaka zan sa a kawo miki ɗaurin kara daga gona ki ajiye musu a baranda su gwada na gaske

Maman Hanif: Allah ya saka Hajiya, sai dai mai gidan hayarmu ya kore mu 😂

Ƴar Sakkwato: Maman Walid tambayi maigidanki fayif guda nawa ya saya duka, da elbo nawa, in rubuta in ba nawa kafin sanyin ya wuce

Maman Walid: Ya fita masallaci, in ya dawo zan sa ya yi miki bayani da murya dan ni in na ƙirga sai na manta waɗanda ke ƙarƙashin gado

Maman Hanif: Ku bari in je, ƙaramin ya tashi kuma ina jin ana rigima a gareji wai ba a biya kuɗin mota ba